Kilo Huɗun da Sikeli Ya Ɓoye

Bakwai saura kwata na safiyar Alhamis, Sharhabilu ya riga ya share gaban siton riɗin Baffansa da ke bakin titi a Bukan Sidi, ya goge farantin sikeli da tsumma har sau biyu. Ba don buhuna yake wannan gogar ba. Don Rahmat ne, wadda yake so ya aura.

Sati uku ke nan kullum da safe sai ta zo ita da Mamanta, kafin motocin manoma su fara isowa. Gida uku ne tsakanin gidansu da siton. Ta cire takalmi ta hau sikelin da ake auna riɗi, shi kuma ya duƙa ya karanta, ya rubuta a katin asibitin da ta ba shi ajiya.

Dalili kuwa, bara war haka aka gano ciwon daji a nononta na hagu. Aka yi mata aiki aka cire, aka yi mata ƙarin ruwan nan mai zubar da gashi, sannan aka ɗora ta a kan wata allura duk bayan sati uku, wadda likita ya ce ita ce ke bin irin nata ciwon kai tsaye ta hana shi dawowa. Guda sha takwas aka ce za a yi, an yi sha biyu.

To amma allurar tana da nata halin, takan gajiyar da zuciya. A hoton zuciya na ƙarshe likita ya ce bugun ya yi rauni. Ya dakatar da allurar, ya ba ta ƙwayoyin zuciya da na fitsari, ya hana ta gishiri da magi da kanwa. Ya ce bayan wata guda za a sake hoto. In zuciyar ta farfaɗo, a ci gaba da sauran shidan. In ba ta farfaɗo ba, sai a haƙura da allurar, a yi ta addu'a kada ciwon ya dawo.

Sista Wandoo, nas ɗin ɓangaren masu ciwon zuciya, ita ta ɗauki jan biro ta rubuta 63 a saman katin, ta zagaye shi.

"Nauyinka sittin da ɗaya ne," ta ce wa Rahmat da Hausarta ta Tibi. "Kullum safe ka hau sikeli. Ranar da ka ga sittin da uku, kar ka jira kowa, ka zo. Ruwa ne yana taruwa a jiki, zuciya ya kasa tura shi."

Ba su da sikeli a gida. Sharhabilu da ke tsaye a bakin ƙofa ya ce, "Sista, wannan ki bar min. Ni ba ni da wani ilimi, amma awo dai aikina ne."

Yau ya hango su tun daga kwana. Rahmat na tafe a hankali cikin dogon hijabi ruwan toka. Sau biyu ta tsaya ta dafa katanga a wannan 'yar tafiyar.

"Malam mai awo," ta ce da ta iso, tana ɗan haki tana murmushi, "yau buhun naka ya makara."

"Ai wannan buhun ko da azahar ya zo ba a rufe masa sito. Ina kwana Mama?"

"Lafiya lau, ɗan albarka," Maman ta amsa.

Rahmat ta hau da safa a ƙafarta. Ya duƙa, ya jira hannun sikelin ya daina rawa.

"Sittin da ɗaya cif."

"Ran Litinin fa hamsin da takwas ne, Sharhabilu. Kullum sai na ƙara ɗaya."

"Komawa kike daidai nauyinki. Jan biron Sista bai ce komai ba sai an kai sittin da uku. Saura biyu."

"Ka tabbata?"

"Shekara goma sha biyu ina kan sikelin nan."

Ta dube shi kamar za ta ƙara wata magana, sai kuma ta ce, "To, tunda kai ka ce."

Can tsallaken titi, matan da ke layin mai ƙosai sun juyo gaba ɗaya suna kallo. Ɗaya ta rufe baki da gefen mayafi ta raɗa wa ta kusa da ita wani abu, suka ƙyalƙyale. Matan nan duk sun ci abincin gidan su Rahmat ranar da aka sallamo ta daga asibiti, har da masu share hawaye.

Su Rahmat ba su gama shan kwana ba sai ga Baffa Nababa a kan babur. Ya kafe shi, ya bi bayansu da kallo, ya tofar da yawu.

"An gama auna amaryar? To a wanke min farantin da sabulu. Abin da mutane za su ci muke ɗorawa a kai."

"Baffa, ciwon nan ba a ɗaukarsa."

"Na tambaye ka?"

Sharhabilu ya haɗiye abin da ya zo bakinsa. Mahaifinsa ya rasu tun yana ƙarami, Baffa Nababa ƙanin mahaifin ne, shi ne kuma waliyyinsa. In Baffa bai ja dattawa sun je gidan su Rahmat ba, ba wanda zai je. Sau uku yana roƙo, a na ukun Baffa ya ce, "Bari kakar riɗi ta wuce mu gani." Wannan 'yar maganar ita Sharhabilu ke riƙe da ita hannu bibbiyu, ita ta sa ya ɗauko sabulu ya wanke farantin da ba abin da ya same shi.

* * *

Wajen sha ɗaya mahaifiyarsa Iyatu ta shigo da kwanon abinci. Ba ta saba kawowa da kanta ba. Ta ja shi bayan buhuna, ta zauna a kan guda, ta gyara zama.

"Jiya na ga yarinyar nan a gidan suna."

"Ta gaya min, Iya. Ta ce ta gaishe ki."

"Ta gaishe ni, na kuwa amsa. Da ta zo shiga ɗaki ta cire takalmi, na ga ƙafar. Sharhabilu, ƙafar nan safa ma da ƙyar ta shige ta." Ta sunkuyo da murya. "Ka gaya min gaskiya tun muna mu biyu. Wata nawa ne?"

Ya dube ta bai gane ba. Da ya gane, sai ya ji abincin da bai ma buɗe ba ya fita daga ransa.

"Iya."

"Kar ka ce min Iya. Na haifi bakwai. Mace ta kumbura, tana haki, ba ta cin abincin mutane, kullum da sassafe tana ƙofar sitonka. Duk unguwa an gama lissafi, ni ce ta ƙarshen ji."

"Da Mamanta take zuwa. A bakin titi nake auna ta, kowa na gani. Zuciyarta ce, allurar ce ta taɓa ta."

"Da nono ne, yanzu zuciya. Gobe kuma me? Hanta?" Hawaye suka cika idon Iyatu, ta sa bakin zane ta goge. "Ni me na yi maka? Kai kaɗai ne namiji a ɗakina. Shekararta ashirin da tara, wanda ya kai mata kayan sa rana ma da ya ji an yanke ta ya aiko a mayar masa da abinsa. Shi wawa ne? Jikokina me za su sha?"

"Ɗaya ma yana isa, Iya. Likita ya ce..."

"Likita ne zai zauna da ita? Ga Khadijat 'yar Baffanka nan, jini ɗaya, lafiyayya, komai nata biyu-biyu yadda Allah Ya yi ta. Baffanka ya ce ranar da ka amsa, rabin siton nan naka ne."

Sharhabilu ya zuba wa ƙasa ido. Yana son uwarsa, bai taɓa ɗaga mata murya ba, amma yadda ta ce "biyu-biyu" ya ji kamar yana tsaye a kasuwar awaki ana ɗaga wutsiya ana duba haƙori. Har Khadijat ɗin ma ya ji tausayinta.

"Iya, don Allah ki bar ƙirga mata jiki. Mutum ce."

"To ƙafar fa?"

"Da ruwa ne ya taru, da sikeli ya nuna. Ni nake aunawa da hannuna. Ba abin da ya nuna."

Iyatu ta tashi ta kakkaɓe zane. "Sikelinka ya ce babu, idona ya ce akwai. Sai ka zaɓi wanda za ka yarda da shi."

Tana fita ya jiyo hayaniya a waje.

Wani dattijo ne ɗan Tibi, Baba Iorkyaa, da ke kawo riɗi daga Assakio duk shekara. An sauke masa buhu goma, Baffa da kansa ya auna uku, dattijon ya ɗaga hannu ya ce a tsaya.

"Alhaji, wannan ba daidai ba. A gida ɗari ne. Nan tasa'in da shida. Wancan ma haka, wancan ma haka."

"A gida da me ka auna? Da ido?"

"Ƙungiya namu ya sayi sabon sikeli bana. Ɗana Terfa ya auna, na tsaya a wurin. Ɗari." Ya juyo ga Sharhabilu. "Yaro na, kai ka gaya mini. Riɗi yana yin gumi a mota? Kilo huɗu, kowane buhu?"

"Sikelin ƙauye," in ji Baffa, yana dariya yana kallon sauran manoman. "Ko akuya kuka ɗora ya ce saniya ce."

Sharhabilu bai ji sauran ba. Kilo huɗu.

A siton nan akwai wani abu da suke kira ɗan shiru. Guntun robar tsohuwar taya ne, bai fi akwatin ashana ba. In kakar saye ta kama, akan ɗaga faranti a cusa shi a lungu. In ba kaya, hannun sikeli na nan a kan sifili yadda ya kamata. In an ɗora nauyi, sai robar ta tokare farantin ta shanye kilo huɗu. In kuma masu manyan motoci sun zo saye, a zare shi. Sharhabilu yana da shekara sha biyar Baffa ya koya masa, ya ce ai ladan ƙasa da tsakuwar da manoma ke haɗowa ne, kowa haka yake yi. Tun daga nan duk shekara shi ke sa shi da hannunsa, kamar yadda yake buɗe ƙofa da safe, ba tare da ya tsaya ya yi tunani ba.

Bana bai sa ba. Hankalinsa na asibiti, ya manta sabon riɗi ya shigo.

Ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya leƙa ƙarƙashin farantin. Ga shi nan baƙi a lungunsa.

Ya matsa kusa da Baffa. "Yaushe?"

"Ran Lahadi da yamma," Baffa ya ce ta gefen baki. "Kana can kana zance. In jira ka ne?"

Lahadi. Washegari Litinin Rahmat ta hau ya karanta hamsin da takwas. Ya tuna yadda suka yi murna, Mama har da ɗaga hannu sama, wai ruwa ya sauka, magani ya karɓe ta. Ya tuna shi da kansa ya je da yamma ya sayo mata tsire mai yaji, ya ce ta ɗan ɗanɗana, ai an samu sauƙi. Tsiren da aka barbaɗe da gishiri da magi.

Sittin da biyu take ran nan. Talata ta kai jan biron Sista. Yau sittin da biyar.

Ya yar da biron da ke hannunsa ya fita da gudu. Baffa na kiransa bai waiwayo ba.

* * *

Ya same ta a ɗaki zaune a kan katifa, an jera mata filo uku a baya, taga a buɗe, tana jan numfashi da baki. Leɓɓanta sun yi fari.

"Mama, a cire mata safar."

Maman ta dube shi da mamaki, amma ta ga fuskarsa ba ta tambaya ba. Da ƙyar safar ta fito. Ƙafar ta yi sumul tana sheƙi, ba a ganin idon sawu.

"Ki danna da yatsa, yadda Sista ta nuna."

Ta danna. Da ta ɗaga, ramin yatsan ya tsaya bai koma ba.

"Tun yaushe ba ki kwanciya?"

"Kwana uku," Rahmat ta ce a hankali. "In na kwanta sai in ji kamar an danna ni cikin ruwa."

"Me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Na ji tsoro. In na je na ce ga abin da nake ji, likita ya ce an fasa allurar gaba ɗaya." Ta ja numfashi. "Kuma kai ka ce ban kai ba. Sai na ce tsorona ne kawai."

Ya fita titi ya tare keke.

A asibiti Sista Wandoo ta ɗora ta a kan nasu sikelin, ta duba, ta karɓi katin daga hannun Sharhabilu ta sake dubawa.

"Sittin da biyar. Nan an rubuta sittin da ɗaya, yau da safe. Wane ne ya rubuta wannan?"

"Ni ne."

"Kai ne mai awo ɗin? Kai ka ce in bar maka?" Ta girgiza kai, ta miƙa masa katin kamar wani abu mai wari. "Abeg matsa mini a hanya."

Aka kwantar da Rahmat a gadon da aka ɗaga kansa, aka sa mata robar iska a hanci, aka yi mata allurar fitar da ruwa a jijiya. Likita ya zo ya saurari ƙirjinta ya daɗe. Ya ce ruwa ya fara taɓa huhu, amma an zo da sauran lokaci. Za ta kwana uku a nan, za a ƙara mata ƙwayar zuciya, a riƙa auna abin da ta sha da abin da ta fitar.

"Allurar fa, likita?" Rahmat ta tambaya ta cikin robar. "Sauran shidan?"

"Sai mun ga hoto. Da an zo ran Talata, da zan fi ba ki ƙarfin gwiwa. Yanzu ba zan yi miki alkawari ba."

Sharhabilu ya fita baranda ya tsaya a bakin kwata. Ya dubi hannuwansa, ƙurar riɗi na nan a ƙarƙashin farce. Ya je famfo ya wanke, ya sake wankewa.

Bayan azahar numfashinta ya ɗan daidaita. Mama ta tafi salla, ta ce ya zauna da ita. Ya ja kujera nesa kaɗan da gadon.

"Mama ta ce sikelin ne ya lalace," in ji Rahmat. "Ta ce kar in ga laifinka, ƙarfe ne, yana gajiya."

Ga ƙofa a buɗe an ba shi. Da ya ce e, shi ke nan.

"Bai lalace ba."

Ya gaya mata komai, kansa a ƙasa. Robar, da sunan da suke kiranta, da Lahadin da Baffa ya sa, da Baba Iorkyaa da buhunansa goma da ya baro a ƙofar sito.

Ta gyara robar hancinta.

"Amma kai ba ka san da ita ba."

"Ta wannan satin ban sani ba. Ta sauran shekarun, ni nake sawa."

"Shekara nawa?"

"Sha biyu."

Ta juyo da kanta sosai ta dube shi. Ya ga tana lissafi, bai san na mene ne ba.

"Babana shekara tara ke nan da rasuwa," ta ce. "Gonarsa ta Shabu riɗi yake nomawa. Sitonku yake kaiwa."

"Rahmat..."

"Bari in gama, numfashina ba shi da yawa." Hawaye suka gangaro ta gefen robar hancinta. "In ya dawo daga wurinku sai ya zauna a bakin rijiya yana ƙirga yatsu. Ya ce riɗin nan bushewa yake a hanya. Wata shekara ya ce buhunan ne ke yoyo, ya sa ni da Mama muka kwana biyu muna ɗinke su da allura. Ya zargi rana, ya zargi buhu, ya zargi idonsa da ya tsufa. Bai taɓa zargin ku ba, don sahu ɗaya yake tsayawa da Baffanka a masallaci. Hannunka ne?"

"Shekara ukun ƙarshe, hannuna ne."

Ta rufe ido. Bakinta ya motsa kamar wadda ta tauna ruɓaɓɓen abu.

"Ka san tun da aka yanke ni ban ƙara tsayawa gaban madubi ba. Matan unguwa na kallona kamar ƙazanta, na san abin da suke cewa, har zancen wai ina da ciki na ji. Ban damu ba. Na ce akwai mutum ɗaya mai tsabta a Bukan Sidi, kuma ni yake so. In na hau sikelin nan da safe, ka duƙa kana dubawa, ji nake kamar ba abin da ya rage a jikina." Ta buɗe ido. "Ashe a kan abin da aka cuci ubana nake tsayawa ba takalmi."

"Wallahi ban taɓa ɗaukar shi sata ba. Na taso na tarar..."

"Na sani. Shi ne abin da ya fi ba ni ƙyama. Da mugu ne kai, da na gane. Kai fa ko kaza ba ka iya yankawa."

Shi ma hawayen ya kasa riƙewa. "Ki gaya min abin da zan yi. Ko me kika ce."

"Ni ba zan gaya maka ba. Kai ne mai awo." Ta juya fuska ga bango. "Tashi ka tafi, Sharhabilu. Warin riɗi kake, yana tayar min da zuciya."

* * *

Ana kiran la'asar ya iso siton. Baba Iorkyaa na nan zaune a kan buhunansa, ya ƙi sayarwa, ya kuma ƙi tafiya. Manoma wajen goma sha biyar na jiran layi a inuwar mota. Iyatu na zaune a kan benci kusa da Baffa, da alama an aika an kira ta.

"Ga shi nan," in ji Baffa. "Ka bar min sito da tsakar rana saboda mai rabin jiki. Ɗauki biro ka kama aiki."

Sharhabilu ya gaishe su. Ya wuce ya tsaya a gaban sikelin, ya naɗe hannun riga.

Baffa ya gane kafin kowa. Ya taso da sauri ya kama shi a damtse, ya kai baki kunnensa.

"In ka taɓa farantin nan, ka nemi wanda zai je maka neman aure. Ba ni ba, ba kuma wani dattijo a gidanmu. Ko ita ko wata."

"Na sani, Baffa."

"Sharhabilu," Iyatu ta kira. Ba ta san me ke ƙarƙashin farantin ba, fuskar ƙanin mijinta kawai ta gani. "Ko me kake shirin yi, ka bari. Shi ya riƙe mu."

"Ki yafe min, Iya. Idonki ne ya faɗi gaskiya ɗazu, ba sikelina ba."

Ya zare hannunsa a hankali, ya duƙa, ya ɗaga farantin ya jingine. Ya cusa yatsu a lungun ya ciro robar. Ta yi maiƙo, tsohon riɗi ya ruɓe ya manne a jikinta, kyankyasai biyu suka fito suka bazu. Ya ɗaga ta sama yadda kowa zai gani, ya mayar da farantin.

"Baba Iorkyaa, kawo buhunka."

Dattijon ya dube shi, ya dubi robar. Ya yi wa mutum biyu alama suka ciccibo buhun suka ɗora. Sharhabilu ya jira hannun sikelin ya tsaya.

"Ɗari."

Baba Iorkyaa bai yi ihu ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, ya ce, "Shekara ashirin ina kawowa nan."

Daga cikin layin wani ya ce, "To nawa na jiya fa?" Wani ma ya miƙe. Matan tsallaken titi suka fara tsallakowa.

Baffa Nababa ya zare makullin daga jikin ƙofa ya jefa a aljihu. Ya dubi Iyatu ya ce, "Ki shaida, daga yau yayana bai bar ɗa namiji ba."

Iyatu ta ɗora hannu a ka. Sharhabilu ya durƙusa a gabanta, ba ta dube shi ba. Ya jira kaɗan, sannan ya tashi, ya nannaɗe robar a leda ya sa a aljihun da katin Rahmat yake. Ya kama hanya da ƙafa.

Rana ta yi ja lokacin da ya isa ƙofar ɗakin mata. Sista Wandoo na zaune a teburinta tana rubutu. Ta ɗago, ta tare ƙofar da ƙafa.

"Ina za ka? Rahmat ya ce kar a bar ka ka shiga."

"Yaya jikin nata?"

"Ruwa yana fita. Ya yi barci kaɗan." Ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ajiye biron. "Amma ya ce in ka dawo in tambaye ka abu ɗaya. Ni ban gane ba. Wai buhun tsohon nan, nawa ne?"

Sharhabilu ya dafa aljihunsa.

"Ki ce mata ɗari."

Sista ta tashi ta shiga, ta mayar da ƙofar ta rufe. Ya tsaya a wurin, hannunsa a kan aljihu, yana jin takunta na nisa a tsakanin gadaje har ya tsaya.